Jeruwar haske da ɓarkewar baƙaƙen ramuka masu abokin zagaye

Tagwayen eksire masu baƙin rami abubuwa biyu ne da ke zagaya juna a sararin samaniya: baƙin rami, wato dunƙulen da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa, mai nauyin rana ninki kaɗan zuwa ninki ashirin da ɗoriya, da tauraron da ramin ke zuƙe wa gas. Gas ɗin ba ya faɗawa cikin ramin kai tsaye. Kewayawa yake yi har ya zama faifai, kuma zafin tsakiyar faifan kan kai kimanin digiri miliyan 10, shi ya sa yake fitar da hasken eksire (X-ray), haske mai ƙarfin kuzari da ido ba ya gani. Auna jeruwar wannan haske, wato yadda kaɗawarsa ke karkata ga fuska guda, na daga cikin hanyoyi ƙalilan da masana taurari ke da su na gano siffar abin da ke gab da bakin ramin, domin wurin ya yi ƙanƙanta kuma ya yi nisa, babu madubin hangen nesa da zai iya ɗaukar hotonsa.

Yadda ɓarkewar take

Yawancin waɗannan tagwaye kan shafe shekaru shiru. Gas na taruwa a faifan a hankali yana sanyi, har ranar da zafinsa ya kai inda haidurojin ke rabuwa da elektron ɗinsa. Daga nan sai gas ya kwarara ciki gaba ɗaya, haske ya ninka dubbai cikin 'yan kwanaki, ya ɗauki makonni ko watanni kafin ya lafa. Daga cikin irin waɗannan tagwaye, V404 Cygni ya yi haka a 1989, ya sake a 2015. A0620-00 ya ɓarke a 1975. Cygnus X-1 kuwa, wanda aka gano a 1964, ba ya yin shiru, kullum a kunne yake.

Ɓarkewa kan fara ne da yanayi mai tsauri, lokacin da haske mai ƙarfin kuzari ya fi yawa. Wannan hasken yana fitowa daga korona, wato tarin elektron masu zafi matuƙa da ke bugun hasken faifai suna ƙara masa kuzari, kuma a lokacin akwai feshin abu da ke fita ta sama da ƙasan ramin, wanda ake gani da igiyar rediyo. Bayan haka sai yanayi mai laushi, inda hasken faifan kansa ke rinjaye, feshin ya mutu. Inda aka daɗe ana kai ruwa rana shi ne siffar koronar. Wasu sun ce dunƙule take a saman ramin, a gindin feshi. Wasu sun ce shimfiɗe take tare da faifai. Launin hasken kaɗai bai raba gardamar ba, domin kowane ɓangare na iya daidaita lissafinsa da shi.

Abin da jeruwa ke nunawa

Haske igiya ce mai kaɗawa, kamar igiyar da aka ɗaure a wuri ɗaya ana girgiza ta ko dai sama da ƙasa ko hagu da dama. Idan kaɗawar ta fi karkata ga fuska guda, an ce hasken ya jeru. Abu biyu ake aunawa: kashi nawa ne na hasken ya jeru, da kuma kusurwar da ya jeru a kai. Hasken da ya bugi elektron ya canja hanya yakan jeru, saboda haka kusurwar na ɗauke da labarin yadda abin da ya warwatsa shi yake kwance. Tushe mai siffar ƙwallo ba ya bayar da jeruwa, don kowane gefe na soke ɗan'uwansa. Shimfiɗaɗɗen abu ne ke bayarwa, kuma gwargwadon yadda ake kallonsa ta gefe, gwargwadon yawanta. Lissafin Subrahmanyan Chandrasekhar ya nuna cewa shimfiɗaɗɗen gas mai kauri da ke warwatsa haske ta hanyar elektron ba ya wuce kashi 11.7 cikin 100.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. A shekarun 1970 tauraron ɗan'adam OSO-8 ya auna jeruwar kusan kashi 19 cikin 100 daga Crab Nebula, ragowar wani tauraro da ya fashe, daga nan fannin ya kwanta kusan shekara arba'in. Ya farfaɗo ne da tauraron ɗan'adam IXPE, na hukumar NASA ta Amurka da hukumar sararin samaniya ta Italiya, wanda aka harba ranar 9 ga Disamba, 2021. Madubai uku gare shi, yana aiki tsakanin keV 2 zuwa 8 (keV ma'aunin kuzarin haske ne). A cikin kowane ma'auninsa akwai gas. Ɗigon haske na shiga sai ya fizge elektron, wanda yawanci ke fita ta fuskar da hasken ke kaɗawa, ya bar ɗan gajeren sawu da na'urar ke ɗauka. Sawu ɗaya ba ya nuna komai. Sai an tara dubban ɗaruruwa, shi ya sa kallo guda kan ci kwanaki.

Sakamakon da aka samu

A watan Mayun 2022 IXPE ya kalli Cygnus X-1 a yanayi mai tsauri, ya sami jeruwar kashi 4 cikin 100, kusurwarta daidai da fuskar feshin rediyo. Wannan ya nuna korona a shimfiɗe take tare da faifai, ba a miƙe take bin feshi ba. Adadin ma ya zarce abin da aka zata, abin da ya sa wasu ke ganin tsakiyar faifan ya fi karkata daga gare mu fiye da hanyar zagayen tauraron.

Swift J1727.8-1613, da ya ɓarke a watan Agustan 2023, shi ne ya ba da damar bin ɓarkewa guda daga farko zuwa ƙarshe. Da farko jeruwar tana wajen kashi 4 cikin 100, kusurwarta na bin feshi. Da ya koma yanayi mai laushi a farkon 2024 sai ta faɗi har ta kusa ɓacewa. Da ya dawo yanayi mai tsauri, haskensa ya dusashe ƙwarai, amma jeruwar ta dawo kusan yadda take, a kan kusurwa ɗaya. Ke nan siffar koronar ba ta sauya sosai ba duk da bambancin yawan gas da ke faɗawa.

Ba kowane tushe ne ya bi lissafi ba. 4U 1630-47 ya ba da kusan kashi 8 cikin 100 a yanayi mai laushi, adadin na hawa yayin da kuzari ke ƙaruwa, kuma tsohon bayanin siririn faifai ya kasa ɗaukar wannan cikin sauƙi. Cygnus X-3 ya kai kusan kashi 20, kusurwarsa a gicciye da feshi, alamar cewa hasken da ke iso mu ya fara dukan bangon wani mazurari na gas ne, ainihin tsakiyar kuwa a ɓoye take.

Hasken da ido ke gani ma yana da nasa amfani, ko da yake ƙurar da ke tsakanin taurari na ƙara masa jeruwar da ba tasa ba, dole sai an auna taurarin da ke kusa da shi an cire ta. Da wannan hanya, ta amfani da Nordic Optical Telescope a tsibirin La Palma, aka gano cewa a MAXI J1820+070, wanda ya ɓarke a 2018, feshin ramin ya kauce wa sandar zagayen tagwayen, wato layin da suke juyawa a kansa, da kusurwar fiye da digiri 40. Indiya ta harba nata tauraron auna jeruwa, XPoSat, ranar 1 ga Janairu, 2024, wanda ma'aunin jeruwarsa ke aiki tsakanin keV 8 zuwa 30, wato sama da inda IXPE ke tsayawa.