Canja taken shirin kai tsaye: abin da ke canjawa da abin da ba ya canjawa

Taken shirin kai tsaye shi ne gajeren rubutun nan da ke ƙarƙashin bidiyo ko a samansa, wanda mai kallo ke fara karantawa kafin ya shiga ko ya wuce. Canja take kuwa shi ne a goge wannan rubutu a sa wani, ko dai kafin a fara watsawa, ko shiri na tsaka da gudana, ko bayan an kammala. Na tsakiyan ne ke rikita mutane. Masu watsa shiri da yawa sun ɗauka cewa taken a manne yake da hoton, don haka sai an katse shiri an sake kunnawa kafin a gyara ko da harafi ɗaya. Ba haka abin yake ba, kuma wannan zato na jawo asarar 'yan kallo ba gaira ba dalili.

Hoto da take hanyarsu ba ɗaya ba ce. Manhajar da ke tura bidiyo, kamar OBS Studio a kwamfuta, abu biyu take buƙata: adireshin sabar dandalin, wato babbar kwamfutar YouTube, Facebook ko Twitch da ke karɓar bidiyon, da kuma mabuɗin watsawa, wato jerin haruffan sirri da ke nuna cewa wannan hoto na tashar wane ne. Da su take tura hoto da sauti, yawanci ta RTMP, wani tsarin aika bidiyo kai tsaye ta intanet. Taken da mai kallo ke gani ba daga cikin wannan turi yake fitowa ba. Yana ajiye ne a rumbun bayanan dandalin, tare da dogon bayanin shirin, da rukuninsa, da hoton bangonsa, wato ƙaramin hoton da ake gani kafin a buɗe bidiyo. Waɗannan su ne ake kira metadata, bayanan da ke rakiyar bidiyo suna faɗin ko mene ne shi. Idan mai kallo ya buɗe shafi, dandalin ne ke ɗauko hoto daga wannan wuri, ya ɗauko take daga wancan, ya haɗa masa su a allo ɗaya. Kamar allon da aka rataya a ƙofar ɗakin taro ne: ana iya sauke shi a rataya wani, mai jawabi a ciki bai ma san an yi ba, amma takardun gayyatar da aka riga aka raba suna nan da tsohon rubutunsu.

Saboda haka idan ka canja take, mabuɗin watsawa na nan yadda yake, adireshin shirin ma haka. A YouTube kowane bidiyo na da lambar shaida mai haruffa 11 a ƙarshen adireshinsa, kuma take ba shi da hannu a cikinta, don haka duk wanda ka tura wa adireshin tun da safe zai shiga lafiya. Ƙidayar masu kallo ba ta komawa sifili, hirar da ake yi a gefen bidiyo ba ta gogewa. Amma idan ka rufe shirin gaba ɗaya don ka gyara take, a YouTube ko Facebook sabon bidiyo ne zai fito da sabon adireshi, waɗanda ke kallo su watse, shirin ya rabu gida biyu a ajiya. Ga kuma batun sanarwa: YouTube ba ya tura wa mai bin tasha sanarwar bidiyo fiye da 3 daga tasha ɗaya cikin awa 24, kenan kowace sabuwar kunnawa na iya cin guda daga ciki.

A YouTube, wurin aikin shi ne ɗakin sarrafa shirin kai tsaye da ke cikin YouTube Studio, shafin da mai tasha ke kula da bidiyoyinsa. A saman shafin, kusa da ƙaramin allon da ke nuna abin da kake watsawa, za ka ga take da rukuni da maɓallin da aka rubuta wa Edit. Ka danna shi, ka gyara akwatin take, sannan ka danna Save. Wannan danni na ƙarshe shi ake yawan mantawa, mutum ya rubuta ya rufe taga ya ɗauka ya gama. Akwatin na ɗaukar haruffa 100, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ba ya karɓar alamomin < da >. Idan da waya kake watsawa, kada ka fita daga allon kyamara don neman saituna, domin wayoyi da dama na tsayar da kyamara da zarar manhajar ta koma baya, sai masu kallo su ga hoto ya daskare. Ka buɗe YouTube Studio a wata na'urar daban, ko ka ba wani amintacce matsayin edita a izinin tashar. A lura cewa mai kula da hira ba shi da wannan iko. Aikinsa goge saƙonni da dakatar da masu ɓata wuri, bayanan bidiyo ba sa hannunsa.

Akwai tarko guda a YouTube da ya kamata a daɗe a kansa. A can take na kowane shiri ne shi kaɗai, kuma mutum na iya tsara shirye-shirye da yawa tun kafin ranarsu, duk a kan mabuɗi ɗaya. Mai shirin mako-mako da ya tsara na wannan makon da na mai zuwa yana iya buɗe na mai zuwa ya gyara takensa, ya koma ya ga wanda ke gudana bai canja ba, ya ɗauka dandalin ne ya lalace. Kafin ka taɓa komai, duba ko wanda ka buɗe shi ne ke ɗauke da alamar kai tsaye da ƙidayar masu kallo. Haka nan zaɓin sake amfani da saitunan tsohon shiri yana kwaso take da bayani da hoton bango duka. Da haka ne ake fara shirin yau da kwanan watan makon jiya a kansa.

Twitch, dandalin watsa shiri kai tsaye da masu wasannin bidiyo suka fi amfani da shi, ya bi wata hanya dabam. A can take na tasha ne, ba na shiri ɗaya ba, don haka abin da ka rubuta jiya shi zai tarbe ka yau idan ba ka canja ba. Ana gyara shi a Stream Manager, ta maɓallin Edit Stream Info, kuma iyakarsa haruffa 140. A wannan taga akwai akwatuna da ke kama da juna amma aikinsu ya bambanta: na take, na saƙon da za a tura wa mabiya idan ka fara, na rukuni, da na alamomin bincike. Gyara take ba ya gyara saƙon sanarwa. Rukuni kuwa, a ganinmu, ya fi take nauyi a Twitch, domin da shi ake jera tashoshi ga masu nema. Wanda ya tashi daga wasa ya koma hira, ya canja take ya bar rukuni, zai ci gaba da bayyana a gaban masu neman wasan, su shigo su ga ba shi ba ne su fita. Wanda ya haɗa asusunsa na Twitch da OBS Studio zai samu ƙaramar taga ta bayanan shiri a cikin manhajar. Ko a nan ba ta cikin bidiyon taken ke tafiya ba, OBS ɗin ne ke aika saƙo na daban zuwa Twitch a madadinka. Bot ɗin hira irin Nightbot, wato manhajar da ke bin umarnin da aka rubuta a cikin hira, ma na yin wannan aiki: a rubuta !title a bi shi da sabon take. Sai dai a duba wa aka ba izinin wannan umarni, don idan aka buɗe shi ga kowa, kowane mai kallo na iya sa wa tasharka sunan da ya ga dama.

A Facebook, mai watsawa daga kwamfuta na gyarawa a shafin Live Producer, a sashen bayanan wallafa. Abin lura shi ne take da rubutun wallafa akwati biyu ne, kuma rubutun wallafar ne mutane suka fi gani idan suna zazzaga shafinsu, don haka a gyara su tare.

Sai abin da ba ya canjawa, wanda shi ne tushen yawancin ƙorafi. Sanarwar da ta riga ta sauka a wayar mabiyi kwafi ce, ta fita daga hannun dandalin, tana nan da tsohon take har ya share ta. Haka ƙaramin akwatin da ke fitowa idan an tura adireshi a WhatsApp: ana haɗa shi ne a lokacin turawa, daga taken da shafin ke ɗauke da shi a wannan daƙiƙa, kuma ba ya waiwayar shafin daga baya. Mafita ita ce a sake tura adireshin bayan gyara. Facebook kuwa yana ajiye kwafin bayanan duk adireshin da aka taɓa rabawa, shi ya sa ko sabuwar wallafa na iya fitowa da tsohon take. Yana da shafi mai suna Sharing Debugger inda ake liƙa adireshin a umarce shi ya sake karanto bayanan. Hoton bango shi ma fayil ne mai zaman kansa. Idan an rubuta tsohon take a jikinsa, sai an ɗora wani hoton. Rubutun da ka sa a kan allo a cikin OBS kuwa ya zama ɓangaren bidiyon, a can ake gyara shi, kuma abin da ya riga ya wuce a cikin rikodin ya wuce ke nan. Ga waɗanda ke kan shafin suna kallo, sabon take yakan bayyana musu da kansa bayan ɗan lokaci, wanda bai gani ba ya sabunta shafin. Sakamakon bincike ya fi jinkiri, kada a yi ta sake gyarawa don an ga bai canja nan take ba.

Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne take ba shi da agogo. Guda ɗaya ne ga duk mai kallo, ko a wane minti yake. Hoto yana isa ga mutane da jinkirin daƙiƙoƙi, wasu kuma sun ja bidiyon baya suna kallon abin da ya faru rabin awa da ta wuce, amma duk sabon take suke gani. Mai watsa gasa da ya rubuta sunan wanda ya ci a take da zarar an tashi, ya ɓata wa duk wanda ke baya kallonsa. Wannan ya isa dalilin da zai sa a bar sakamako a waje, a rubuta matakin da ake ciki kawai.

Masu watsawa zuwa dandali da yawa lokaci guda ta manhajar tsakiya irin Restream ko StreamYard su sani cewa kowane dandali na riƙe da kwafin takensa. Gyara a YouTube Studio ba ya taɓa na Facebook. Idan kuma an ƙara wani dandali da hannu, ta hanyar liƙa adireshin RTMP da mabuɗi kawai, manhajar tsakiya ba ta da izinin shiga asusun, hoto kaɗai take iya turawa. Dole a je can a gyara. Take guda da za a raba wa kowa a tsara shi bisa mafi ƙarancin iyaka: mai haruffa 130 zai shiga Twitch, YouTube ya ƙi shi.

Masu rubuta manhajar da ke canja take da kanta suna da nasu wurin tuntuɓe. A ƙofar da YouTube ya buɗe wa masu manhaja, buƙatar gyara tana maye gurbin sashen bayanan ne gaba ɗaya. Idan ka aika sabon take ka bar dogon bayani a waje, bayanin da ke can zai goge. Hanyar da ta dace ita ce a fara karanto bayanan da ke akwai, a canja take a cikinsu, a mayar da su duka. Akwai kuma kason yini: maki 10,000 ake ba sabuwar manhaja, kowane gyara na cin 50, wato gyara 200 ke nan ko da ba a yi wani aiki ba. Manhajar da ke sabunta take kowane minti za ta cinye kasonta kafin awa 4.

Game da abin da za a rubuta, allon waya yakan yanke dogon take bayan layi ɗaya ko biyu, don haka kalmomin farko su ɗauki batun. "Gyaran batirin waya: tambaya da amsa" ya fi "Barkanmu da sake saduwa a shirinmu na yau inda za mu tattauna" amfani nesa ba kusa ba, domin na biyun zai yanke kafin a kai ga batun. Ba sai an rubuta cewa kai tsaye ne ba, dandalin na liƙa tasa alamar, kuma kalmar za ta zama ƙarya da zarar shirin ya koma ajiya. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna shiga take lafiya. Sai dai masu bincike da yawa ba sa rubuta su, don haka yana da kyau a sa muhimmiyar kalmar ba lanƙwasa a cikin dogon bayani. A canja take idan batu ya canja da gaske, kamar an gama darasi an buɗe fagen tambayoyi, ko baƙon da aka sanar bai samu zuwa ba. Na ƙarshen nan bai kamata a yi jinkirinsa ba. Barin sunan wanda ba ya cikin shiri don jan mutane yaudara ce, kuma dokokin YouTube sun hana take mai ɓatar da mai kallo. Tashar da ta karya dokokin kan fara samun gargaɗi, sai hukuncin da ke hana ta ɗora bidiyo ko watsa shiri na mako guda, hukunci 3 cikin kwana 90 kuma na kai ga rufe ta.

Bayan an kammala, sauran gyara ɗaya. YouTube na ajiye shirin da bai kai awa 12 ba a matsayin bidiyo, da taken da ke kansa a ƙarshe. Idan ka rufe a kan "Tambayoyin ƙarshe", da wannan suna shirin awa 3 zai zauna, kuma mai neman darasin da aka yi a farkonsa ba zai same shi ba. Koma cikin YouTube Studio ka ba shi sunan da ya game shirin duka, ka jera lokutan sassansa a dogon bayani, farawa daga 0:00. A Twitch ana gyara sunan rikodin a Video Producer, kuma wannan gyara ba ya taɓa taken tashar, wanda zai zauna yadda ka bar shi har zuwa shiri na gaba.