Durƙushewar Kasuwar Wasannin Bidiyo ta 1983

Durƙushewar kasuwar wasannin bidiyo ta 1983 mummunan koma-baya ne da ya afka wa masana'antar a Amurka tsakanin 1983 da 1985, lokacin da cinikin na'urorin wasa na gida da kaset ɗinsu ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3.2 zuwa kusan dala miliyan 100.

Kamfanin Atari, mallakar Warner Communications tun 1976, shi ne ke jan ragamar kasuwar da na'urarsa Atari 2600 wadda ta fito a 1977. A 1979 wasu ma'aikatansa suka fice suka kafa Activision, kuma da yake Atari bai iya hana su ƙera wasanni domin na'urarsa ba, sai ƙofa ta buɗe ga kowa. Ƙananan kamfanoni barkatai, waɗanda yawancinsu ba su da gwaninta, suka cika shaguna da wasanni marasa inganci, har 'yan kasuwa suka rasa inda za su jibge su, suka koma karyar da su a farashin da bai kai kuɗin ƙira ba. Mai saye kuwa ba shi da hanyar tantance mai kyau da maras kyau kafin ya biya, saboda haka ya janye hannunsa. A daidai lokacin ne kuma kwamfutocin gida irin su Commodore 64 suka yi araha.

Ana yawan ɗora laifin a kan wasan E.T. na Atari, wanda Howard Scott Warshaw ya tsara cikin kimanin makonni biyar domin ya riski cinikin Kirsimetin 1982. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba, domin kasuwar ta riga ta cika ta batse kafin fitowarsa. Duk da haka, Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500 a 1983, kuma a watan Satumbar shekarar ya binne dubban ɗaruruwan kaset a wata bola da ke Alamogordo a jihar New Mexico, wadda aka tono a 2014. A 1984 Warner ya sayar wa Jack Tramiel, wanda ya kafa kamfanin Commodore, sashen na'urorin wasa da kwamfutocin gida na Atari.

Farfaɗowar kasuwar daga Japan ta zo. Nintendo, wanda ya fitar da na'urar wasa ta Famicom a can a 1983, ya gabatar da ita a birnin New York a watan Oktoban 1985 da sunan NES. Ya sanya mata wata ƙwaƙwalwar kulle da ke ƙin karɓar duk kaset ɗin da ba shi da lasisi, ya kuma iyakance wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara. Tsarin lasisin nan ne masu ƙera na'urorin wasa suka bi daga baya, kuma kamfanonin Japan suka ci gaba da mamaye fagen ba tare da babban abokin takara daga Amurka ba har zuwa 2001, lokacin da Microsoft ya shigo da Xbox.