Takalmin Hawan Tsaunin Ƙanƙara da Siki, da Zaɓinsa ga Mai Siririyar Ƙafa

Takalmin hawan tsauni da siki, wato dogayen katakan da ake ɗaurawa a ƙafa don zamiya a kan dusar ƙanƙara, takalmi ne na roba mai tauri, dogo har tsakiyar ƙwauri. Masu zamiya a kan dusar ƙanƙara ne ke saka shi idan za su shiga duwatsun da babu injin ɗaukar mutane, inda dole mutum ya hau da ƙafarsa kafin ya gangaro. An fi yin wannan wasa a tsaunukan Alps na Faransa, Suwizalan, Ostiriya da Italiya, da ƙasar Norway, da yammacin Amurka da Kanada. A Afirka ma ana yinsa lokacin hunturu a dutsen Toubkal na Maroko, mai tsayin mita 4,167. Shahararriyar hanyar wannan wasa ita ce Haute Route, daga Chamonix na Faransa zuwa Zermatt na Suwizalan, tafiyar kusan mako guda daga bukkar dutse zuwa bukkar dutse. A shekarar 2026 tseren irin wannan hawa ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a karon farko, a garin Bormio na Italiya.

Takalmin yana yin aiki biyu masu karo da juna. A hawa ana so ya yi sauƙi, ya bar idon sawu ya lanƙwasa kamar a tafiyar ƙasa. A gangara kuwa ana so ya ƙage, ya riƙe ƙafa kam, don duk motsin da mutum ya yi ya isa ga katakon siki nan take. Mai faffaɗar ƙafa wahalarsa matsi ce, kuma matsi yana da magani. Mai siririyar ƙafa wahalarsa fili ne, wanda ya fi wuyar gyara.

Yadda aka gina shi

Kashi biyu ne. Akwai kwanso na waje, sannan akwai shafi, wato takalmin ciki mai laushi da ake iya zarewa. Kwanson kansa ya rabu gida biyu: na ƙasa da ke ɗauke da ƙafa, da wuyan da ke kama ƙwauri, an haɗa su da ƙusa a daidai idon sawu. A baya akwai ɗan ƙarfe da ake ɗagawa. In an ɗaga shi wuyan ya saki, yana kai da komo har digiri 50 zuwa 70 a yawancin samfura. In an sauke shi ya kulle don gangara.

A hawa ana manna wata fata a ƙarƙashin katakon, mai gashi kwance gefe guda, tana zamewa gaba ta ƙi komawa baya. A da fatar dabbar teku ce, yanzu gashin akuyar Angora ne ko nailan ko haɗinsu. Kan takalmin yana maƙale da katakon, diddige kuma a sake. Wani injiniya ɗan Ostiriya, Fritz Barthel, shi ya ƙirƙiro maƙalin ƙusoshi biyu a shekarun 1980, inda ƙusoshin ke shiga wasu 'yan ramukan ƙarfe a gefen kan takalmi. Kamfanin Dynafit ya karɓi fasahar a 1990, yau kuwa da wuya a ga takalmin hawa da ba shi da waɗannan ramuka.

Takalmin siki na fata ne tun asali, sai a shekarun 1960 Bob Lange na Amurka ya fito da na roba. Cibiyar sana'ar a yau tana arewa maso gabashin Italiya, a kewayen garin Montebelluna. Cikin kamfanonin da ke yinsa, Scarpa tana Asolo tun 1938, Tecnica tana Giavera del Montello, La Sportiva kuma tana can kwarin Fiemme a Trentino tun 1928. Robar da aka fi amfani da ita a takalman hawa ita ce Grilamid da Pebax, domin ba su da nauyi kuma sanyi ba ya ƙara musu tauri sosai. Akwai nau'in Pebax da ake yi da man zurma. Takalmin tsere ƙafa ɗaya ba ta kai kilo guda ba, na yawan jama'a kuma yakan kama daga kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ma'aunin tsawo da na faɗi

Ba a bin lambar takalmin kasuwa irin 42 ko 43. Ma'aunin da ake bi sunansa Mondopoint, kuma tsawon ƙafa ne kawai da santimita: wanda ƙafarsa ta kai santimita 26.5, lambarsa 26.5. Sai dai rabin lamba ba shi da kwanson kansa. A yawancin kamfanoni 26.0 da 26.5 kwanso ɗaya ne, bambancin a shafi yake ko a shimfiɗar ciki. Scarpa ta saba wa sauran, wajenta 26.5 da 27.0 ne ke kwanso ɗaya. Wanda bai san haka ba zai iya komawa gida da takalmin da ya fi ƙafarsa, alhali lambar da ke jikin kwali daidai take.

Faɗi kuma da milimita ake faɗarsa, a wurin da ƙafa ta fi faɗi, daga gindin babban yatsa zuwa gindin ƙarami. Milimita 96 zuwa 98 shi ne siririn zubi, 100 matsakaici, 102 zuwa sama faffaɗa. Wannan lamba ta takalmi mai girman 26.5 ce ko kusa da haka, kuma tana ƙaruwa da kimanin milimita 2 a kowane girma. Saboda haka takalmin da aka rubuta wa 98, idan girmansa 29.5 ne, faɗinsa na gaskiya ya kai wajen 104.

Kamfanoni sun fi yin takalman hawa da ɗan yalwa, saboda ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya kuma yatsu suna bukatar jini a cikin sanyi. Scarpa Maestrale, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani, faɗinsa 101 zuwa 102 ne gwargwadon shekarar ƙira, Dynafit Hoji Pro Tour kuma 103.5. A ɓangaren sirara akwai Tecnica Zero G Tour mai 99, da Atomic Backland da Hawx Ultra XTD masu 98, da Lange XT3 mai alamar LV, 97. Haruffan LV, MV da HV da ake gani a jikin takalma suna nufin ƙaramin ciki, matsakaici da babba. Kamfanoni suna sauya zubi daga ƙira zuwa ƙira ba tare da sauya suna ba, don haka sunan da ya dace da mutum shekara biyar da suka wuce ba lallai ya dace da shi bana ba.

Abin da lambar faɗi ba ta faɗa

Siririyar ƙafa ba iri ɗaya ba ce. Wani yatsunsa ne a tsuke. Wani gaban ƙafarsa daidai yake da na kowa, amma diddigensa ɗan tsurut ne, idon sawunsa ƙashi zalla. Wani kuma bayan ƙafarsa ne a kwance, ba tudu, sai rufin takalmin ya yi masa nisa. Wani ƙwaurinsa ne siriri, ya ɗaure maɗauri har ƙarshe amma wuyan takalmin na yawo. Lambar 98 gaban ƙafa kaɗai ta auna, ba ta ce komai a kan sauran ukun ba, kuma su ne suka fi cutar da mai hawa.

Diddige shi ne kan gaba. A hawan mita dubu mutum yana ɗaga diddigensa sau dubbai, kowane taku yana jan katako da fata da maƙali. Idan diddigen yana zamewa a cikin shafi ko da milimita biyu ne, gumi ya jiƙa safa, kafin awa biyu fatar gefen diddige ta yi ja, ta yi bororo, ta fashe. Abin ya fi tsanani a inda ake ratsa gangare a karkace, ƙafa tana jingine gefe guda. Wanda ya samu wannan a ranar farko ta Haute Route, sauran kwanakin a kan gyambo zai taka su. A gangara kuma ƙafar da ba a riƙe ba tana sulalewa gaba, yatsu su dinga dukan kan kwanso har farce ya yi baƙi ya fita.

Abin da kusan kowa ke yi idan ya ji ƙafa na yawo shi ne ƙara matse maɗaurai, kuma wannan ya fi cutar illa. Jijiyar jini da ke ciyar da yatsu ta bayan ƙafa ta bi, daidai inda maɗaurin tsakiya yake danna. In an danne ta yatsu su yi sanyi, su mutu da ji, kuma a tsauni mai tsananin sanyi haka ake kamuwa da ƙunar ƙanƙara, wadda kan kai ga yanke yatsa. Safa mai kauri ko safa biyu ma ba mafita ba ce, sai ƙara naɗewa da guga. Safa ɗaya siririya, ta ulun tumakin merino, ita ce ta dace.

Gwaji a shago

A garuruwan tsauni akwai masu sana'ar daidaita takalmin siki, kuma mai siririyar ƙafa bai kamata ya saya ta intanet ba kafin ya zauna gaban ɗayansu. An fi so a je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma auna ƙafafun biyu a tsaye, don da wuya su zo daidai.

Gwanin yakan zare shafin ya ajiye gefe, ya ce mutum ya zura ƙafa cikin kwanso tsirara, ya matsa gaba har yatsu su taɓa. Sai ya haska tocila ta baya ya duba ratar da ke tsakanin diddige da roba. Santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ita ce ta hawa. Ta wuce haka, takalmin ya yi girma. Daga nan a dawo da ƙafar tsakiya a karkaɗa ta hagu da dama, a ga yawan filin da ke gefe, a zura hannu a ji nisan rufi daga bayan ƙafa. Wannan gwaji na minti biyu ya fi duk abin da aka rubuta a kwali gaskiya, domin sabon shafi yana ɓoye girman kwanso.

Bayan an mayar da shafin an ɗaura, a tsaye yatsu za su taɓa gaba, in an durƙusa gwiwa kuma su ja baya kaɗan. Sai a saki ƙarfen baya, a sassauta maɗauran sama kamar yadda ake yi a hawa, a taka matakala ana lura da diddige. Mutane da yawa suna gwada takalmin a kulle ne kawai, alhali mafi yawan yinin a sake za su yi shi. A daure a yi minti ashirin a ciki. Mai shago yana ganin ƙafa daga waje ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka duk inda ya danna ko ya yi sako-sako a faɗa, kada a ji nauyi.

Sabon takalmin da ya yi daɗi tun a shago abin tsoro ne ga mai siririyar ƙafa. Shafi yana lotsawa bayan 'yan kwanaki, abin da ya zauna daidai yau zai zama fili.

Gyara

Ƙa'idar masu sana'ar ita ce roba tana buɗuwa, ba ta tsukewa. Idan kwanso ya matsa wani ƙashi, sai a yi masa alama, a gasa wurin da iska mai zafi, a tura shi waje da matsi har ya huce. Wasu kamfanoni, irin su Atomic da Salomon, suna yin kwanson da ake sakawa cikin tanda gaba ɗaya ya ɗauki siffar ƙafa. Robar takalman hawa siririya ce, ba ta jure kankarewa da yawa kamar ta takalman filin siki mai injin ɗaukar mutane, kuma wurin da aka yi da zaren kabon ba ya gasuwa sam. Duk da haka ya fi sauƙi a sayi wanda ya kama diddige da bayan ƙafa, sannan a buɗa wa yatsu, da a sayi mai yalwa a yi ta cusa masa tsumma.

Idan filin kaɗan ne akwai dabaru. Na farko shimfiɗar tafin ƙafa mai tallafe ƙwarin tafi, irin ta Sidas ko Superfeet ko wadda aka zuba a kan ƙafar mutum. Tana hana ƙafa bajewa da mirginawa ciki. Ana iya sa siririn faifai a ƙasan shafi ya ɗaga ƙafa ta kusanci rufi, ko a manna soso mai siffar L ko C a bayan idon sawu don ya cike kwarin da ke gefen agara, ko a ƙara wa harshen takalmin kauri saboda siririn ƙwauri.

Babbar dabara ita ce sauya shafin ɗungurungum. Na kamfanin Intuition da ke Vancouver da na Palau na Faransa soso ne da ake gasawa kusan minti goma, a sa wa yatsu 'yar hula don a bar musu wuri, a zura ƙafa da zafinsa, a ɗaure, mutum ya tsaya cik har ya huce. Suna zuwa da kauri daban-daban, mai siririyar ƙafa sai ya ɗauki mai kauri. Na ZipFit kuwa garin ɓawon itacen kok ne a cikin 'yan aljihuna kewaye da idon sawu, kuma ana iya ƙara shi da sirinji duk lokacin da wurin ya saki. Ya fi nauyi da tsada, kuma wasu nau'o'insa suna rage wa wuyan takalmin sakewa a hawa, amma a riƙon diddige da wuya a samu kamarsa.

Kafin doguwar tafiya ana so a fita gajeren hawa sau biyu ko uku kusa da gari, a dawo wa mai gyaran da bayanin inda ya yi ja. Wasu shagunan tsauni suna haɗa wannan komawar a cikin kuɗin takalmin. Kowane dare kuma a zare shafin a shanya shi nesa da wuta, domin zafin murhu yana goge siffar ƙafar da aka gasa a jikinsa.