Tsoron magana a gaban jama'a: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

In jira sai tsoron ya tafi kafin in fara?

Jira ba ya korar shi. Duk ranar da ka zille, ka ce ba ka da lafiya ko ka tura abokinka ya yi bayani a madadinka, za ka ji sanyi a ranka na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwarka kuma ta ɗauka gudun ne ya cece ka. Gobe tsoron ya dawo ya fi na jiya. An faɗa, an sake faɗa: da tsoron ake tashi.

Me ya sa muryata ke rawa, bakina ya bushe?

Sinadarin adirinalin ne da jiki ke saki idan ya zaci akwai haɗari. Ba ciwo ba ne. Ja numfashi kana ƙirga 4, sake shi kana ƙirga 6, sau biyar.

In sha wani abu da zai ba ni ƙarfin gwiwa?

Kul. Tramadol da kodin sun kassara matasa da yawa da suka fara da wannan hujjar. Akwai maganin rage bugun zuciya, propranolol, amma likita ne ke rubuta shi, kuma yana da haɗari ga mai asma. Goro da yawa da kofi ma ƙara bugun suke yi, a rage su ranar.

Ta ina zan fara, kuma yaya zan gane ban ɗora wa kaina abin da ya fi ƙarfina ba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Ɗauki takarda ka rubuta wurare 8 zuwa 10 da magana ke ba ka tsoro, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100. Likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe, ɗan Afirka ta Kudu, shi ya shahara da wannan tsari na hawa mataki-mataki tun shekarun 1950. Misali: karanta shafi ɗaya da ƙarfi kana naɗar muryarka a waya, 20, bayanin minti 2 ga ƙaninka, 35, tambaya ɗaya a aji ko a majalisa, 50, jawabin godiya a walima, 70, kare aikin kammala digiri a gaban malamai, 90.

Fara daga wajen 30 ko 40, ka maimaita sau 3 ko 4 a mako. Kafin ka tashi, rubuta abin da kake zaton zai faru, kamar "zan manta komai, su yi min dariya". Bayan ka zauna, rubuta abin da ya faru a zahiri. A da an fi cewa kada ka bar wurin sai tsoron ya ragu da rabi. Masana da dama yanzu suna ganin ko bai ragu ba a ranar, ganin da ka yi cewa zatonka bai tabbata ba shi ne ribar. Saboda haka kada ka ce ka faɗi don ka zauna zuciyarka na dukan uku-uku.

Makin nan ba awon sikeli ba ne. Ranar da ba ka yi barci ba, 40 na iya komawa 65. Idan mataki ya gagare ka sau biyu a jere, raba shi: mutum uku maimakon goma, minti ɗaya maimakon biyar. Inda aka fi samun matsala shi ne tsallake, daga 35 a faɗa 90, sai kuma tazarar wata guda tsakanin gwaji da gwaji. Akwai wanda ya fi su ɓuya: ka tashi, amma idonka na kan takarda, kana zuba magana da sauri don ka gama. Wannan ma gudu ne. Ɗaga kai ka dubi mutum ɗaya har ka kai ƙarshen jimla.

Ba kunya ba ce kawai? Ai kunya ado ce.

Kunya tana hana ki ɗaga wa babba murya. Abin da ya hana ki tambayar likita yadda za ki ba ɗanki magani ba kunya ba ne, 'yar'uwa, tsoro ne, kuma yana jin horo.

Addu'a fa?

Yi ta. Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah ya buɗe masa ƙirji, ya warware ƙullin harshensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28. Sannan ya tafi gaban Fir'auna.

Yaushe abin ya wuce gwajin gida?

Idan ka daina zuwa aji ko wurin aiki, ko firgici na zuwa maka da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, je a duba zuciya da halittar thyroid da ke maƙoshi tukuna. In sun fita lafiya, nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa: akwai asibitin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma kada a tsaya sai shekara ta zagayo.