Ba dole ba ne a bar wa ƙarƙashin rufi kafar iska

An daɗe ana ɗauka cewa sararin da ke tsakanin rufi da silin sai an bar masa kafofin shan iska, in ba haka ba katakon zai ruɓe. Magina a Amurka sun jima a kan wannan fahimta, amma kundin ƙa'idojin gina gidajen zama na ƙasar, IRC, ya amince da rufe sararin ruf tun bugunsa na 2006, bisa sharuɗɗa.

Abin da ke ruɓar da katako danshi ne. Lokacin sanyi, iskar cikin gida mai ɗumi takan hau sama, idan ta taɓa allon rufi mai sanyi sai ta zama raɓa. Saboda haka sharaɗin shi ne a ɗauke makarin zafi, wato abin da ake shimfiɗawa don hana zafi ratsawa, daga kan silin a mayar da shi jikin rufin, a yi amfani da wanda iska ba ta ratsawa, kamar kumfar feshi a ƙarƙashin allon ko faifan kumfa mai tauri a samansa, domin allon ya zauna da ɗumi. Ƙarfin makarin da ake buƙata don hana raɓa, wanda ake aunawa da lambar R (gwargwadon girmanta, gwargwadon tare zafinsa), yana bin yanayin wuri, bisa yankunan da kundin ya raba ƙasar, waɗanda lambarsu ke ƙaruwa da ƙaruwar sanyi: R-5 a yankuna masu zafi kamar Florida, R-20 a yanki na 5, har R-35 a yanki na 8 da ke Alaska.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne shimfiɗa ledar hana danshi a kan silin, wadda kundin ya hana a irin wannan gini, domin takan tsare danshin ya rasa hanyar bushewa.