"Ƙara garkuwar jiki": maganar da ta shanye mana rediyo

Tun zamanin korona, babu mai tallar magani a rediyo ko a bayan mota da lasifika da ba ya cewa nasa "yana ƙara garkuwar jiki". Kowace cuta an mayar da ita raunin garkuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, akwai cututtukan da garkuwar ce da kanta ke haddasa su, da ƙarfinta kuwa, ta juyo ta far wa mai ita.

Ga misalin da ya fi nuna haka. Mutum ya yi gudawa ko mura, ya warke. Bayan mako ɗaya ko biyu ya fara ganin abu biyu-biyu, ƙwayar idon ta ƙi juyawa, wani lokaci fatar idon ta sauko, tafiya ta koma tangaɗi. A gida wasu su ce iska ce, wasu su ce harara-garke ce ta zo da girma. Likitoci na kiran wannan lalura ciwon Miller Fisher, da sunan likitan Kanada da ya bayyana ta a 1956, kuma reshe ce ta ciwon Guillain-Barré, wanda garkuwa ke far wa jijiyoyi har gaɓoɓi su shanye.

Yadda abin ke faruwa shi ne ya fi ɗaure kai. Ƙwayar cutar Campylobacter mai sa gudawa, wadda ake yawan ɗauka daga naman kaza da bai dahu ba, tana da wani sinadari a bayanta mai kama da GQ1b, sinadarin da ya yi yawa a jijiyoyin nan uku masu juya ido. Jiki ya haɗa makamin yaƙar ƙwayar, makamin ya kasa bambancewa, kamar 'yan sintirin da suka kama mai gida saboda rigarsa irin ta ɓarawon ce. Idon lafiyarsa ƙalau, saƙon juyawa ne ba ya isa ga tsokarsa.

To mai wannan lalura, me za a ƙara masa? A asibiti kwantar da harin ake yi, ko dai da ƙarin ruwan immunoglobulin (sinadaran garkuwa da ake cirowa daga jinin masu lafiya) ko da tace jini. Yawanci ana warkewa cikin wata shida. Amma akan sa ido sosai a kwanakin farko, don wani lokaci shanyewar kan gangaro zuwa hannuwa da ƙafafu, har ta taɓa numfashi.