Waiwaye: Kwastoma na wa ne, na kamfani ko na mai ba shi shawara?

Kusan kowane mako a Amurka sai an ji wata tawagar masu ba da shawara kan zuba jari ta naɗe tabarmarta ta koma inuwar babban kamfani. A 2025 ma kamfanin dillancin hannun jari LPL Financial ya sayi takwaransa Commonwealth Financial Network kan dala biliyan 2.7. Masu goyon baya suna cewa gaba ta kai kwastoma: zai samu masanin haraji da lauyan rabon gado a wuri ɗaya, da tsaron intanet da ƙaramin ofis ba zai iya saye ba, kuma idan mai kula da kuɗinsa ya tsufa ko ya rasu, akwai wanda zai ɗora. Masu suka kuwa cewa suke an yi cinikinsa ne ba da saninsa ba. To, ba jiya aka fara ba.

Farkon labarin sananne ne. Bayan rushewar kasuwar hannun jari ta 1929 aka kafa SEC, hukumar gwamnati mai sa ido kan kasuwar, a 1934, aka yi dokar mashawarta a 1940. Ranar 1 ga Mayu, 1975 aka soke ƙayyadajjen la'adar dillalai, la'ada ta karye, sana'ar ta koma karɓar kusan kashi 1 cikin 100 na dukiyar kwastoma duk shekara. Rikicin tattalin arziki na 2008 kuma ya tura babban kamfanin dillanci Merrill Lynch hannun bankin Bank of America.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yarjejeniyar 2004 tsakanin kamfanonin dillanci kan mashawarcin da zai sauya wurin aiki. Kafin ta, barin aiki tamkar gudun dare ne. Mashawarci zai jira yammacin Juma'a ya ajiye takardar murabus, ya wuce sabon ofis ya kwana yana buga wa mutanensa waya. Kafin Litinin tsohon kamfaninsa ya raba asusun kwastomomin ga sauran ma'aikata, lauyoyi sun garzaya kotu neman a hana shi tuntuɓar kowa. Tsohuwar da ta damƙa kuɗin fanshonta tana tsakiya, ba ta san wayar wa za ta ɗaga ba. Duk wanda ya ga yadda ake kai ruwa rana a kasuwa idan yaron shago ya buɗe nasa kusa da na maigidansa, ya san irin wannan rigima.

Da kuɗin lauyoyi ya ishe su, sai Merrill Lynch da Smith Barney da UBS suka rattaba hannu kan cewa mai tafiya zai iya ɗaukar abubuwa biyar: sunan kwastoma, adireshi, lambar waya, imel da sunan asusu. Lambar asusu da takardun jari kuwa su tsaya. Kamfanoni fiye da dubu suka biyo baya.

Abubuwa biyar ɗin nan su suka juya sana'ar. Tun da amana za ta iya bin mutum duk inda ya je, kuma kuɗin shiga na zuwa kowace shekara, sai jerin kwastomomi ya zama kadara mai farashi. Kamfanoni suka shiga zawarcin tawagogi da rancen da ake yafewa kaɗan-kaɗan muddin sun zauna shekarun da aka yanka. Wasu suka fita suka kafa nasu, sannan da furfura ta zo, babu magaji, suka sayar ga masu ƙarfi.

A ƙarshen 2017 Morgan Stanley da UBS suka fice daga yarjejeniyar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tun 2016 FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalan hannun jari, ta wajabta a aika wa kwastoman da ake so ya bi dillalinsa wata takarda mai tuna masa ya tambaya: me aka ba mutumin don ya koma can, nawa sauyin zai ci, kuma wane jari ne ba zai taso tare da shi ba.